Jar alama a kan harafin Z: yadda takardun ofis ke ɓace wa mai aiki daga gida, da yadda ake dawo da su

Ranar 27 ga wata ce, bayan sallar isha'i, ƙanwata ta kira ni daga Damagaram. Tun daga gaisuwa na san ba lafiya ba. Ita ce mai kula da kuɗi a wata ƙungiya mai zaman kanta da ke Yamai, kuma kwana huɗu ke nan da ta tafi gida jinyar mahaifiyarmu. Shugabanninta sun yarda ta ci gaba da aiki daga can, ta tafi da kwamfutar ofis a jaka.

"Yaya, Z ɗina ya mutu," in ji ta. "Gobe kafin azahar ya kamata takardar albashi ta isa banki, ga shi ban iya buɗe komi."

Takardar albashin ma'aikata duka, har da direbobi da masu gadi, tana cikin wannan Z ɗin. Tsakaninta da ofis kusan kilomita 900. In takardar ba ta fita ba, iyalai da dama za su shiga sabon wata aljihu wayam, masu gidan haya kuwa ba su san wani harafi Z ba.

Abin da ya same ta ba baƙo ba ne. Tun daga shekarar 2020, lokacin da cutar korona ta tilasta wa ma'aikatu da dama tura mutanensu gida, aiki daga nesa ya zama ruwan dare a bankuna, kamfanoni da ƙungiyoyin agaji. Tare da shi wannan ƙaramar jar alama ta shigo rayuwar mutane. Abin daɗin shi ne, mafi yawan lokuta takardun suna nan lafiya lau. Hanyar zuwa wurinsu ce ta toshe, kuma ana iya gano inda ta toshe in aka bi a hankali.

Wai mene ne harafin Z ɗin?

Mutane da yawa sun ɗauka takardun da ke cikin Z, ko S, ko P, suna cikin kwamfutarsu ne. A'a. Suna can ofis, cikin babbar kwamfutar da ke ajiye wa kowa kayansa, wadda ake kira uwar garke. Harafin laƙabi ne kawai da Windows ke ba wani dogon adireshi, mai kama da \\sunan-uwar-garke\kudi, don kada ka riƙa rubuta shi kullum.

In kana ofis, kai da uwar garke kuna gida ɗaya, magana ba wuya. In ka koma gida, sai an haƙa maka keɓantacciyar hanya a cikin intanet wadda za ta kai ka har cikin ofis, ba tare da na waje ya ga abin da kake ɗauke da shi ba. Wannan hanya ita ce VPN. A cikinta kwamfutarka ke magana da uwar garke da wani yare da ake kira SMB, wanda aka faro a kamfanin IBM a farkon shekarun 1980, daga baya Microsoft ta rungume shi. Yaren yana shiga ne ta ƙofa mai lamba 445.

Ke nan kafin Z ya buɗe, abubuwa biyar sai sun cika: akwai intanet a inda kake, VPN ya haɗu, kwamfutarka ta gano inda uwar garke take, ƙofa ta 445 a buɗe take, sannan uwar garken ta yarda kai ne. Ɗaya ya faɗi, jar alama ta fito. Duk gyaran bai wuce bin waɗannan biyar ɗaya bayan ɗaya ba.

A fara daga ƙasa

Tambayar farko da na yi wa ƙanwata ita ce ko ta danna Z ɗin sau biyu bayan ta kunna VPN. Ba raini ba ne. Da zarar ka kunna kwamfuta, Windows kan yi ƙoƙarin haɗa haruffan tun kafin VPN ya tashi. Bai samu hanya ba, sai ya manna jar alama, kuma sau da yawa ba ya cire ta da kansa ko da hanya ta buɗe daga baya. Dannawa biyu kan isa. Haka ma in ka bar aiki na ɗan lokaci: bisa tsarin asali, uwar garke ta Windows kan saki haɗin da ya yi minti 15 ba motsi, ya dawo da an taɓa shi.

Nata bai dawo ba. Sai muka sauka ƙasa. Shafukan intanet suna buɗewa? Suna buɗewa. VPN ya nuna ya haɗu? Ya nuna. Wani a ofis ya buɗe Z yau? Ta tura saƙo ga abokiyar aikinta, amsa ta zo cewa har ƙarfe biyar na yamma ana aiki da shi.

Wannan tambaya ta ƙarshe tana da muhimmanci a ƙasashenmu fiye da yadda littattafan koyon kwamfuta ke zato. Uwar garke na'ura ce, wuta take ci. Mazauna Yamai ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse lantarkin da take ba Nijar, unguwanni suka riƙa karɓar wuta bi da bi. In wuta ta ɗauke a ofis da dare, batirin ajiya ya ƙare, janareta bai tashi ba, to ko wane gwani ne kai ba ka buɗe Z daga gida. Haka ma ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe irin su Kodebuwa, Ghana, Laberiya da Benin suka wayi gari da intanet mai rarrafe. Nijar ba ta da teku, hanyarta ta bi ta maƙwabta ne. A rana irin wannan, haƙuri ne magani, ba kwance kwamfuta ba.

Gida biyu, lamba ɗaya

Da muka tabbatar ofis lafiya, na ce ta buɗe baƙin allon nan na rubuta umarni. A Windows na Faransanci, wanda shi ya fi yawa a ofisoshinmu, sunansa Invite de commandes, ko kuma ka rubuta cmd a wurin bincike. Ta rubuta net use ta danna shiga. Wannan umarni kan jero duk haruffan da aka haɗa, da ainihin adireshin kowane. Nata Z ya nuna \\192.168.1.10\ sannan sunan ma'ajiyar.

Sai ta rubuta ipconfig, wanda ke nuna lambar da na'urar wifi ta gida ta ba kwamfutarta. Ta karanto mani: 192.168.1.23.

Nan ɓarawon yake. Kamar unguwa biyu ce, ɗaya a Yamai ɗaya a Damagaram, sunansu ɗaya, lambobin gidajensu ɗaya. Ka ba yaro saƙo ka ce ya kai gida mai lamba 10, ai ba zai hau motar Yamai ba, layin bayanku zai zagaya. Haka kwamfutarta ta yi. Ta ga lambar uwar garke ta fara da 192.168.1 kamar tata, sai ta ɗauka a cikin gidan take, ta riƙa nemanta a tsakar gidan mahaifiyarmu maimakon ta shiga hanyar VPN. A gidanta na Yamai ba ta taɓa gamuwa da haka ba, don na'urarta ta can da wasu lambobi dabam take aiki.

Wannan karo yana yawan faruwa, saboda na'urorin wifi da yawa suna fitowa daga kamfani da 192.168.0 ko 192.168.1, ofisoshi da dama kuma ba su taɓa canza nasu ba. Gwajin mai sauƙi ne: kashe wifin gida, ka raba intanet daga wayar salula, ka sake kunna VPN. Wayoyin iPhone kan ba da lambobin da suka fara da 172.20.10, wasu ƙananan akwatunan intanet na aljihu kuma 192.168.8. In Z ya amsa ta wannan hanya, ka gano ciwon. Maganin dindindin shi ne a canza jerin lambobin na'urar gida, ko kuma ofis ya bar waɗannan lambobi na kowa da kowa.

In suna ne ya ɓace

Ba kowane Z ne aka haɗa da lamba ba. Galibi da suna ake haɗawa, kuma akwai wani magatakarda a ofis, DNS, wanda aikinsa shi ne ya fassara suna zuwa lamba. Wani lokaci VPN kan haɗu amma kwamfutar ta ci gaba da tambayar magatakardan kamfanin wayarka, wanda bai taɓa jin sunan uwar garken ofishinku ba.

Ga yadda ake ganewa. Rubuta nslookup sannan sunan uwar garke. In bai dawo da lamba ba, a nan matsalar take. Gwada cikakken sunan, wato da sunan gidan ofis a bayansa, domin gajeren suna kan yi aiki a ofis ya ƙi yi daga waje. Umarnin ipconfig /flushdns kuma kan share tsofaffin amsoshin da kwamfutar ta riƙe.

Mutane da yawa sun san ping, amma kada a dogara da shi kaɗai, don wasu ofisoshi kan hana uwar garke amsa shi ko da tana lafiya. Wanda ya fi shi gaskiya yana cikin PowerShell: Test-NetConnection, sunan uwar garke, sannan -Port 445. In ya ce True, ƙofa a buɗe take. In ya ce False, wani shinge ne a hanya, kuma wannan aikin mai kula da kwamfutocin ofis ne, ba naka ba.

Ƙaramar shawara ga masu madannan Faransanci, wato AZERTY: wannan karkatacciyar sanda ta adireshi, \, tana kan maɓallin 8, sai ka danne AltGr.

Ƙofa ta buɗe, mai gadi ya ƙi

Ƙanwata ta koma kan intanet ɗin wayarta. Ta danna Z, ya ɗan yi tunani, sai ya nemi kalmar sirri. Na ji ta sauke ajiyar zuciya. Ta rubuta, ya ƙi. Kafin in ce uffan ta sake rubutawa har sau uku. Sai saƙo ya fito cewa an kulle asusunta.

Da na bincika, ashe kwana biyu kafin nan saƙo ya zo mata cewa kalmar sirrinta ta kusa ƙarewa, ta canza ta a shafin wasiƙun ofis. Ofis ya san sabuwa. Kwamfutar da ke gabanta kuwa tsohuwar ta sani, da ita ma take buɗe ta kowace safiya, don tunda aka canza ba ta samu ganawa da ofis ba. Da hanya ta buɗe, Windows ya miƙa tsohuwar a ɓoye, aka ƙi. Ita kuma cikin ruɗu ta riƙa haɗa tsohuwa da sabuwa. Ofisoshi da yawa kan sa dokar kulle asusu bayan kuskure kaɗan, don kare kansu daga masu kutse.

Ga abin da ya kamata duk wanda ya canza kalmar sirri daga nesa ya yi. Kunna VPN, ka kulle allon da maɓallin Windows da L, sannan ka buɗe da sabuwar kalmar. Ta haka kwamfutar ke koyon sabuwa. Daga nan ka shiga ma'ajiyar kalmomin sirri ta Windows, Gestionnaire d'identification, ka goge duk tsohuwar da aka ajiye da sunan uwar garke. Kada ka manta da wayar salula: in wasiƙun ofis na shiga cikinta da tsohuwar kalma, ita kaɗai ta isa ta riƙa kulle ka kullum.

Abubuwa biyu kuma kan yi shigar kalmar sirri alhali ba ita ba ce. Na farko madannai. In harshen rubutu ya juya daga Faransanci zuwa Ingilishi ba ka sani ba, A ta koma Q, Z ta koma W, lambobi su rikice, kai kuma ɗigo-ɗigo kawai kake gani. Na biyu agogo. Tsarin tantance mutane na Windows, Kerberos, bisa asali ba ya yarda da bambancin da ya wuce minti 5 tsakanin agogonka da na ofis. Tsohuwar kwamfutar da ƙaramin batirinta na ciki ya mutu kan farka da kwanan watan da ya daɗe da wucewa. Wanda kuma ya taso daga Accra zuwa Yamai ya tura agogo gaba awa ɗaya da hannu, bai canza yankin lokaci ba, shi ma ya jawo wa kansa.

Lambobin da ke faɗin gaskiya

In ka cire harafin da net use Z: /delete, ka sake haɗa shi da net use Z: sannan adireshin, Windows kan ba da lambar kuskure in abin ya ƙi. Cire harafi ba ya goge ko takarda ɗaya, laƙabin kawai ka cire, amma ka rubuta adireshin a takarda tukuna. Ga ma'anar waɗanda aka fi gani:

- 53: ba a ga hanyar ba. Duba VPN, suna, ko karon lambobi.
- 67: an isa uwar garke, amma sunan ma'ajiyar ba daidai ba ne.
- 5: an san ka, amma ba ka da izinin shiga nan.
- 86 ko 1326: suna ko kalmar sirri ba daidai ba. Tsaya, kada ka yi ta gwadawa.
- 85: harafin yana hannun wani abu, wataƙila kebul ɗin ajiya da ka soka.
- 1219: ka riga ka shiga wannan uwar garke da wani suna. Cire tsohon haɗin tukuna.

Akwai kuma wani abin mamaki: harafin na nan a Ce PC, amma wata manhaja ta ce ba ta gan shi ba. Yawanci an buɗe manhajar ne da ikon shugaban kwamfuta, kuma Windows ba ya nuna wa wannan matsayi haruffan da ka haɗa a matsayinka na yau da kullum. Rufe ta ka buɗe yadda aka saba.

Ya buɗe, amma yana jan ƙafa

SMB yare ne mai yawan gaisuwa. An gina shi don kwamfutocin da ke gini ɗaya, inda tambaya da amsa ba sa ɗaukar lokaci. A kan intanet na waya, kowace tambaya sai ta yi tafiya ta dawo. Ga ma'aikatan da ke karkara kan tsohon tsarin tauraron ɗan'adam mai nisan kusan kilomita 36,000, zuwa da dawowa kaɗai ya haura rabin daƙiƙa. Shi ya sa takardar Excel da ke buɗewa nan take a ofis kan cinye mintoci a daji.

Windows na da wata dabara ta ajiye kwafin takardu a kwamfutarka don aiki ba rezo. Daga Windows 8 zuwa sama, in wannan tsari na kunne kuma jinkirin hanya ya wuce kashi 35 cikin dubu na daƙiƙa, yakan koma kan kwafin da kansa. Haɗarin a nan shi ne ka ga rabin takardunka kawai, ko ka yi ta gyara tsohon kwafi alhali abokan aiki sun wuce wurin. Leƙa Centre de synchronisation ka ga ko akwai saɓani kafin ka aika komi.

In ƙananan takardu na buɗewa, manya kuma su maƙale, ka gaya wa mai kula da kwamfutoci ya duba girman ƙunshin bayanai, abin da suke kira MTU. Hanya ta yau da kullum na ɗaukar ƙunshi mai girman 1500, VPN kuma na ƙara nasa lulluɓi a kai, wani lokaci kayan su fi ƙarfin ƙofa.

In kuwa rezo ya yanke kana tsakar aiki, ka dawo takarda ta ce wani na amfani da ita, sau da yawa wannan wanin kai ne. Tsohon zamanka ne bai rufu ba a uwar garke. Jira kaɗan, ko a rufe maka shi daga ofis.

Gyaran da ya fi ɓarnar muni

Matsi kan sa mutum neman gajeriyar hanya, intanet kuma cike yake da masu ba da ita. Uku daga ciki a guje su.

Kada ka kunna tsohon SMB1 don wani bidiyo ya ce haka. Ta raunin da ke cikinsa ne cutar kwamfuta ta WannaCry ta bazu a duniya a watan Mayun 2017, ta kulle na'urori a ƙasashe da dama, har asibitocin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida. Daga ƙarshen wannan shekara Microsoft ta daina saka shi kai tsaye a sabbin Windows 10. Haka nan Windows 11 na 24H2 ya ƙara tsauri, yana buƙatar sa hannun tsaro a kan haɗin SMB, abin da ya sa wasu tsofaffin akwatunan ajiya na ƙananan ofisoshi suka daina buɗewa. Maganin shi ne a sabunta akwatin, ba a kwance tsaron ba.

Kada a buɗe ƙofa ta 445 ga duniya don a huta da VPN. Kamar cire ƙyauren ɗakin ajiya ne don makulli na ba da wahala.

Kada kuma ka ce wa abokin aiki ya turo maka takardar albashi ko sunayen masu karɓar agaji ta WhatsApp, balle ka ari kalmar sirrinsa. Ƙanwata ta kawo wannan shawara da kanta a daren, na ce mata sam. Takardar da ta fita daga ofis ta wannan hanya ba ta da ranar komawa.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ga mai shirin aiki daga nesa: gwada VPN da haruffanka a kan intanet na waya tun kana ofis. Ɗauki hoton abin da net use ya nuna. Riƙe lambar mai kula da kwamfutoci a wayarka, ba a cikin kwamfutar kaɗai ba. In ka kira shi, kada ka ce "ba ya yi" ka yi shiru. Faɗa masa lambar kuskuren, irin intanet ɗin da kake kai, yaushe ya yi aiki na ƙarshe, da ko ka canza kalmar sirri. Waɗannan huɗu kan mayar da aikin awa biyu na minti goma.

Ga shugabannin ma'aikatu kuma: wanda aka ba izinin aiki daga gida ba a gwada masa hanya ba, rabin izini aka ba shi. A tanadi wanda zai ɗaga waya a ƙarshen wata, a duba batirin uwar garke, a kuma tuna cewa tun ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta kawo ƙarshen tallafinta na yau da kullum ga Windows 10.

Ƙanwata ba ta samu mai kula da kwamfutocinsu ba a daren, wayarsa a kashe. Da safe wajen ƙarfe takwas ya buɗe mata asusun. Ta hau intanet ɗin waya, ta kunna VPN, ta kulle allo ta buɗe da sabuwar kalma, ta goge tsohuwar. Jar alamar ta ɓace. Kafin sha ɗaya takardar ta isa banki.

Da yamma ta sake kira, muka yi maganar jikin Inna, wanda alhamdu lillahi ya fara sauƙi. Kafin ta ajiye ta ce, "Yaya, wifin gidan nan fa, in ka zo ka canza masa lambobin nan." Na ce mata in Allah ya kai mu Juma'a.